Lemon biki mai kumfa: yadda nake haɗa shi da zoɓo, sitiroberi da kayan ƙamshi

Daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu, da wuya Asabar ta wuce a Jos ba a yi ɗaurin aure ko walima ko liyafar Kirsimeti da sabuwar shekara ba. Ni sana'ata girkin biki ce, a Unguwar Rogo nake zaune, kuma abin da na daɗe ina gani shi ne uwar biki za ta zuba kuɗi a kan shinkafa da kaji da adon zaure, amma in an zo kan abin sha sai a jibge katan-katan na lemon kwalba a ce an gama. Alhali da kuɗin da bai kai wannan ba za a iya fito wa baƙi da abin da za su riƙa tambaya wa ya haɗa shi.

Asalin irin wannan haɗin na Turawa ne, kuma da giya suke yin sa. Sukan zuba ɗan abin sha mai kauri da zaƙi, wanda aka jiƙa 'ya'yan itace ko kayan ƙamshi a cikin barasa da sukari, a gindin kofi, sannan su cika da shampen, wato giyar inibi mai gas. Wanda ya fi suna a Faransa shi ne Kir Royal, sunan ya samo asali daga Félix Kir, wani limamin coci da ya riƙe muƙamin magajin garin Dijon daga 1945 har ya rasu a 1968. A Italiya kuma suna da Bellini, wanda aka fara haɗawa a birnin Venis da markaɗaɗɗen 'ya'yan itacen fich. Ni ba na girki da barasa, yawancin masu ba ni aiki ma ba sa sha, don haka nawa da ruwan inibi mai gas nake yi, irin su Eva da Chamdor da Pure Heaven da ke cike a kantuna, sai sirof, wato ruwan sukari mai ɗan kauri da ƙamshi, da na haɗa da hannuna ya tsaya a madadin wancan mai barasar.

A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Sai uwargida ta ga yadda Bature ya auna nasa a intanet, ta cire giyar kawai ta sa Eva a gurbinta, ta bar sauran ma'aunin yadda yake. In aka kurɓa sai zaƙi ya ƙware mutum, kofi ɗaya ya gundure shi. Dalili kuwa shampen ɗin da suka fi haɗawa da shi ba shi da zaƙi, sukarinsa bai kai giram 12 a lita ba. Ruwan inibi kuwa yakan haura giram 100 a lita, wani ma har 150. Kin ga kenan kin tara zaƙi a kan zaƙi. Duk aikin da za mu yi daga nan zuwa ƙasa na karya wannan zaƙin ne, da tsami, da ɗan yaji, da ruwan soda, sannan a kiyaye kumfar kada ta mutu kafin kofi ya isa hannun baƙo.

Wajen saye, ki juya kwalbar ki karanta bayanta, kada ki dogara da abin da yaron kanti ya faɗa miki. Akwai ruwan inibi zalla da aka ɗura wa gas, wanda bai taɓa zama giya ba. Akwai kuma giyar da aka yi ta sannan aka zare barasarta, irin wannan takan rage da ɗan abin da bai wuce 0.5% ba, kuma sukan rubuta. Kwalaben duk kamarsu ɗaya, har da takardar zinariyar da aka naɗe wuya da ita. Ki nemi wanda aka rubuta 0.0% ko aka ce ruwan inibi ne. Ki ɗauki fari, kada ki ɗauki ja, don zoɓo ne zai ba mu kala. Tunda maganar ta kawo mu nan: ƙaramar kwalbar Angostura da ake ɗigawa a cikin chapman barasarta 44.7% ce, a rubuce take a jikinta. Mutane da yawa suna sha a wajen biki ba su sani ba. A wannan haɗin ba ma buƙatarta, kimba da ɓawon lemo za su ba mu ɗan ɗacin da take bayarwa.

Sirof ɗin zoɓo da kayan ƙamshi

Wannan shi ne ginshiƙin abin, kuma tun ana saura kwana biyu biki nake dafa shi, don ya fi daɗi in ya kwana. Ki tanadi ruwa lita 1, busasshen zoɓo kofi 2, ɗanyar citta kamar girman babban yatsa guda 2, kanumfari ƙwaya 8, kirfa sanda 1, masoro ƙwaya 6, kimba 1, sai sukari kofi 2. Kofin da nake nufi shi ne mai ɗaukar mililita 250. Zoɓon ki zaɓi mai duhu, wanda jansa ya kusa zama baƙi, shi ya fi ba da kala. Ki wanke shi da ruwan sanyi sau biyu cikin hanzari saboda yashi, kada ki jiƙa, in kin jiƙa kalar kike zubarwa.

Kayan ƙamshin za ki fara ɗorawa su kaɗai. Ki kankare cittar ki yanka siri-siri, ki ɗan daddaka masoron, kimbar kuma ki fasa ta ki zubar da 'ya'yan cikin, ɓawon kawai muke so, 'ya'yan ɗaci ne da su mai kama maƙogwaro. Ki zuba su duka a ruwan tare da kirfa da kanumfari, in ya tafasa ki rage wuta, ki rufe, ya yi minti 15 yana ɓararraka a hankali. Sai ki sauke, ki zuba zoɓon a cikin ruwan zafin, ki rufe ki bar shi minti 25 zuwa 30. Na san a gidajenmu zoɓo akan bar shi a wuta ya yi ta tafasa, amma mai irin wannan dahuwar yakan yi bauri, kalarsa ta dushe ta koma ruwan ƙasa-ƙasa. Zafin ruwan kaɗai ya isa ya fito da abin da ke cikinsa.

Kanumfarin nan da na ce 8, to 8 ɗin nake nufi. Ƙarfinsa ya fi na sauran duka, in ya yi yawa sai ya danne kowa, harshe ya yi nauyi, baƙi su ce an ba su maganin haƙori. Citta kuwa in kina son yaji kina iya ƙarawa, musamman da sanyin Disamba, mutanen Jos suna son abin da zai ɗan ɗuma musu ƙirji. Busasshiyar citta ba ta yi mini a nan, yajinta ya fi kaifi kuma tana sa sirof ya yi gurɓi.

Tukunyar ma abin lura ce. Zoɓo yana da tsami, in ya daɗe a tukunyar dalma sai ya ɗauko ƙarnin ƙarfe. Ki yi amfani da ta silba wadda ba ta tsatsa ko mai fenti a ciki. Kada kuma ki kusanto da kanwa ko bakar hoda da sunan rage tsami, nan take jan zai juye ya yi duhu mai shuɗi-shuɗi. Tsamin nan shi muke nema.

Ki tace sau biyu, da farko da rariya, sannan da farin ƙyalle mai tsabta. Za ki samu wajen mililita 750. Tun da ɗuminsa ki zuba sukarin ki juya har ya narke, ba sai kin mayar wuta ba. Zai ba ki kusan lita 1. In ya huce ki ɗura a kwalbar gilashi da kika ɗauraye da tafasasshen ruwa, ki sa a firji.

Na 'ya'yan itace

Mu a Jos Allah ya hore mana abin da 'yan Kano da Abuja sai sun aiko a saya musu: sitiroberi. A Chaha, can wajen Vom, ake nomansa da yawa, kuma lokacinsa ya zo daidai da lokacin bukukuwa, daga ƙarshen shekara har zuwa wajen Maris. Za ki ga mata da shi a ƙananan robobi a bakin titi wajen Terminus. Kada girma ya ruɗe ki. Ƙanana masu ja har wuya sun fi ƙamshi, manyan da ke da fari a kusa da ganye ruwa ne kawai. Ki shinshina, in ba ki ji ƙamshi daga robar ba to ba za ki ji shi a kofi ba. Ki kuma leƙa ƙasan robar, can ake ɓoye waɗanda suka fara lalacewa.

Wannan sirof ɗin ba ya ganin wuta ko kaɗan. Sitiroberin da aka dafa ɗanɗanon jam yake yi, ƙamshin ɗanyen ya tafi. Ki wanke rabin kilo, ki cire ganyen, ki yanka kowanne gida huɗu, ki zuba a kwano mai murfi da sukari giram 300 da ruwan lemon tsami guda 2. Ki juya, ki rufe, ki sa a firji ya kwana. Sukarin ne zai janyo ruwan da ke cikin 'ya'yan, da safe za ki tarar suna iyo a cikin jan ruwa garai-garai. Ki juye a rariya ki bar shi ya tsiyaye da kansa. Hannunki zai yi ta ƙaiƙayin ki matsa da cokali don ya ƙara yawa, ki daure. Duk ɗan tsakin da ya bi ruwan nan, gas a jikinsa yake taruwa ya tsere, kofi ya yi ambaliya da kumfa, bayan minti biyu ya kwanta lakwas. Tuƙar da ta rage a rariya ki ba yara su ci da burodi.

In ba lokacinsa ba ne, abarba cikakkiya tana yi ta wannan hanyar, haka mangwaro da kankana, sai dai kankana ba ta wuce kwana ɗaya. Akwai kuma wani ƙari da nake yi in bikin na manya ne: in fere ɓawon lemon zaƙi guda 4 sama-sama, ban da farin cikin, in cakuɗa da sukari rabin kofi in murza da hannu, in rufe na tsawon awa 4 zuwa 6. Sukarin zai tsotso man da ke cikin ɓawon ya jiƙe. Sai in zuba ruwan ɗumi rabin kofi in tace. Cokali biyu ko uku na wannan a cikin litar sirof ɗin zoɓo yana ɗaga ƙamshin sosai. Lemonmu na nan kore ne ɓawonsa, ba komai, man yana nan.

Sanyi

Kowa ya san Jos tana kan tudu, ta haura mita 1,200, dare da asuba na hunturu kuma sai da rigar sanyi. Wannan ne ke sa wasu su ajiye kwalabe a tsakar gida su ce ai garin ma firji ne. Bai isa ba. Gas yana zama a cikin ruwa ne gwargwadon sanyinsa, in kwalba ta yi ɗumi da kin buɗe rabin gas ɗin zai fice tare da kumfar farko. Abin da ake so kwalbar ta sauka zuwa digiri 6 zuwa 8. A firji wannan na ɗaukar awa 3 zuwa 4. Amma ranar biki firji cike yake da nama, ko kuma an ɗauke wuta, don haka ni da kula nake aiki: rabi ƙanƙara, rabi ruwa, gishiri tafi biyu, a nutsa kwalaben har wuya. Cikin rabin awa sun yi. Ƙanƙara zalla ba ta kai wannan sauri ba, don ba ko'ina take taɓa kwalbar ba. Kada ki jefa su firiza ki tafi wajen kwalliya, kwalba mai gas in ta daskare fashewa take yi.

Ruwan soda, sirof biyun da ruwan lemon tsami duk su shiga kular. Sirof mai ɗumi yana kashe kumfa ko da inibin ya yi sanyi ƙarara. A cikin kofin kuma ba na sa ƙanƙara, tana tsinka haɗin. In dole ne, ki daskarar da yankakken sitiroberi ki jefa ɗaya.

Buɗe kwalba da zubawa

Samarin biki suna son su girgiza kwalba murfi ya tashi sama a yi ihu. In don hoto ne a ware musu guda ɗaya su yi wasansu a waje, nesa da fuskar mutane. Matsin iskar da ke cikin kwalbar shampen ya kai ninki biyu zuwa uku na tayar mota, na ruwan inibi bai kai haka ba, amma ya isa ya raunata ido. Ki cire takardar wuyan, ki ɗora babban yatsa a kan murfin, ki warware wayar, yawanci murɗa shida ce. Ki rufa tawul, ki karkata kwalbar ta kalli bango, ki riƙe murfin gam, ki riƙa juya gindin kwalbar a hankali. Zai fito da ɗan huci kawai, gas ɗinki yana ciki.

Ga ma'aunin kofi ɗaya mai ɗaukar mililita 150. Sirof ɗin zoɓo babban cokali 1, na sitiroberi ƙaramin cokali 2, tataccen ruwan lemon tsami ƙaramin cokali 1. Su ne ke fara shiga. Sai ruwan inibi mililita 60, ruwan soda mililita 60. Ki karkata kofin, ki zuba ta gefe a hankali, in kumfa ta taso ki dakata ta sauka ki ƙarasa. Sirof ya fi nauyi, zai so ya kwanta a ƙasa, don haka ki sa dogon cokali ki ɗago shi sau ɗaya tak. Juyawa irin ta shayi gas take kora.

Kafin ki jera kofuna hamsin, ki haɗa ɗaya ki ɗanɗana, don kowane kamfani da irin zaƙin inibinsa, kuma lemon tsamin yau ba shi ne na jiya ba. In zaƙi ya yi yawa ki ƙara lemon tsami kafin ki ƙara soda. In ya yi salam, sirof ɗin zoɓo za ki ƙara. Abin da nake nema shi ne tsami ya fara taɓa harshe, ƙamshin sitiroberi ya biyo, sannan citta da kanumfari su zo daga baya a maƙogwaro. Wanda ke son ɗan ɗaci a musanya masa rabin sodar da tonik, wani lemon kwalba mai gas da ɗan ɗaci. Dattawa masu ciwon sukari kuma nakan ware musu zoɓon tun kafin in sa sukari, in haɗa da soda da lemon tsami kawai, ba inibi. Kala ɗaya ne da na kowa, ba wanda zai ji an ware shi.

Dogon kofin gilashi mai ƙafa ya fi riƙe kumfa saboda bakinsa ƙarami ne, masu hayar kujeru da rumfa suna bayar da su. In babu, kowane siririn tambulan ya yi. A ɗauraye su sosai, ragowar sabulu ko maiƙon hannun mai raba nama yana kwantar da kumfa. Ado kuma kaɗan ya isa: rabin sitiroberi a bakin kofi, ko ganyen na'a-na'a ɗaya. Ba na jiƙa bakin kofi in dangwala a sukari, zaƙin da muka sha wahalar ragewa ne ake dawo da shi, ga shi yana ɓata jan bakin ƙawayen amarya.

In mutum 50 za ki shayar kofi ɗai-ɗai, lissafin shi ne kwalbar inibi mai mililita 750 guda 4, soda lita 3, sirof ɗin zoɓo mililita 750, na sitiroberi rabin lita, ruwan lemon tsami mililita 250, wato ƙananan lemonmu wajen 20. Rabin litar sitiroberin sai kin yanka kusan kilo ɗaya. Amma ba a taɓa yin bikin da kowa ya tsaya a kofi ɗaya ba, ga 'yan rakiya da ba a lissafa da su ba, don haka ki ƙara rabin wannan a kai, inibi ya zama kwalba 6. Don sauƙi nakan haɗa sirof biyun da lemon tsamin a jug ɗaya tun da safe, sai ya zama babban cokali 2 ne a kowane kofi. Yarinya ɗaya tana bin tire tana zuba wannan, ɗaya na biye da inibi, ta uku da soda. Ba a fara zuba mai gas sai an ga baƙi sun zauna, kuma tire ɗaya ake cikawa a fita da shi kafin a taɓa na gaba. Masu haɗa shi duka a babbar roba tun azahar su ce za a sha da la'asar, zoɓo mai tsada kawai suka yi.

Abin da ya rage na sirof ɗin zoɓo yana kai kwana 10 a firji, na sitiroberi kwana 4 zuwa 5. In wuta ba ta zama a unguwarku, ki zuba a robar ƙanƙara ki kai firizar maƙwabta. Ruwan 'ya'yan itace da sukari in suka zauna a ɗumi tsima suke yi da kansu, sukarin ya fara komawa barasa. In kin buɗe kwalbar sirof kika ji ta yi huci, ko kika ga ƙananan kumfa suna tasowa, ko warin tsami irin na kunun da ya kwana, ki zubar, kada ki ce za ki tafasa ki gyara. Kwalbar inibin da aka buɗe kuma ba ta kai gobe da gas ɗinta sai da murfi mai matsewa, gara a shanye ta a daren, masu wanke-wanke ma suna da haƙƙi.